Kawu Ya So Ya Kwanta Yana Kallon Yamma

Da can, lokacin da mu Hausawan Guangzhou ba mu fi mu cika ɗaki ɗaya ba, idan aka yi rasuwa kowa rufe harkarsa yake yi. Wanda ke Xintang wajen masu ɗinka jins zai bar ciniki a tsakiya ya hau mota ya taho. A shimfiɗa tabarma, a zauna, a yi shiru, in an buɗe baki to addu'a ce. Yanzu mun yi yawa, mun yi ofisoshi masu sanyi da kujerun juyi, kuma idan ɗan'uwa ya rasu sai ka ga saƙo a waya da ɗan hoton hannuwa a ɗage. Ba labari aka ba ni ba. A makokin kawuna na gani, yayan mahaifiyata, wanda Allah ya karɓi abinsa a garin nan bayan ya haura shekara casa'in. Na Allah ne shi, na Allah ne mu, ya dai riga mu komawa. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fiye masa nan.

Rasuwar ta faɗo a tsakiyar baje kolin Pazhou, lokacin da fatake ke cika gari. Aka yi zaman makoki a ofishin babban ɗansa, a saman siton da yake tara kayan mutane kafin ya tura musu gida, nan bayan titin Liuhua Lu. Masu gaisuwa suka riƙa shigowa da katin shiga baje koli rataye a wuya. Wani Bakano ya ɗaga hannu ya fara fatiha, wayarsa ta yi ƙara, ya shafa fuska tun bai kai rabi ba, ya juya gefe yana ce wa mai masana'anta "meyo, meyo, lawban", wato babu, babu, maigida. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Wallahi tsoho bai zaɓi lokaci ba." Kamar mutum ne ke duba kalanda kafin ya mutu.

Wani ɗan Nijar ya riƙe hannuna ya ce, "Haƙuri, Alhaji, c'est la vie, haka rayuwa take," bai saki hannun ba ya tambayi mai makoki yaushe kwantenarsa za ta tashi. 'Yan zangon Gana sun fi daɗewa a zaune, gaskiya, amma hirar kuɗin jirgin ruwa suka yi. A duk waɗanda suka hau benen nan, mutum ɗaya na ga ya kashe wayarsa tun daga ƙofa. Basine ne mai ɗinka riguna, wanda Kawu ya taɓa zaga a cikin masana'antarsa. Ya tsaya, ya sunkuya sau uku irin nasu, ya zauna a gefen tabarma.

Na zauna makoki a Kumasi da Yamai da Alƙahira. Na ga jana'iza a Jidda, inda ake rufe attajiri kafin la'asar, a fito ba alama a kan kabarinsa. Ban taɓa zama ana cewa Allah ya jiƙan mutum alhali yana kwance a firji ba sai a nan. Domin duk wannan zaman da muke yi, ba a binne Kawu ba. Ya bar wasiyya da bakinsa cewa a rufe shi a garin nan. Babban ɗansa kuma ya ce Kano za a kai shi a jirgi. Abin da ke tsakanina da ɗan ke nan a kwanakin, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kawu tsohon soja ne, cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama. Da ya dawo ya shiga fataucin yadi, a kai ya tsufa. Lokacin da ɗansa ya buɗe ofis a nan, ya ce sai ya zo ya taɓa kayan da hannunsa, don bai yarda da yadin da aka zaɓa a hoto ba. Ya zo yana dab da tamanin, yana zuwa yana komawa, har ƙafa ta hana shi komawa ya zauna. Bai taɓa son jirgin sama ba. In ya shiga, kujerar bakin hanya yake nema, ya ja hula ya rufe ido, ba ya leƙa taga. Da wuya ka ji ya yabi wani abu. In aka nuna masa dogon gini sai ya ce, "To, sun kai sama. Sai me?"

Abin da aka fi saninsa da shi a nan shi ne maganar alƙibla. Baƙonmu in ya sauka otal, ya yi alwala, sai ya duba inda rana ke fitowa ya shimfiɗa darduma, kamar yadda ya saba tun yana yaro. A gida gabas ita ce alƙibla, har ba ma bambanta su a baki. A nan kuwa Makka tana yamma. Idan saurayi ne ya yi kuskuren, Kawu jira yake ya idar, ya je a hankali ya juya masa dardumar, ya ba shi shayi, ba mai ji. Idan kuwa babban Alhaji ne mai tumbi da carbi mai tsada, sai ya bari an cika ɗaki.

"Alhaji, wa kake gaisarwa a can? Japan ce a gabanka. Ka ba Ka'aba baya tun ranar da ka sauka."

A yi dariya, Alhajin ya yi ta kame-kame. Sai Kawu ya ce, "Kada ka ji kunya. Mu mun yi wanda ya fi naka." Daga nan, in yana cikin nishaɗi, labarin Baturen sama ke fitowa. Haka yake kiransa. Na ji labarin sau da yawa, bai taɓa ƙara masa gishiri ba, kuma bai taɓa ba da shi don a yaba wa kowa ba.

"Da hantsi muka ga jiragen yaƙin," in ji shi. "Can ƙololuwa, ƙanana kamar ƙudaje, suna zagaya juna. Ba ka jin komai sai wani ɗan sauti kamar ana yaga yadi a ɗaki na uku. Muka ajiye kaya muna kallo kamar 'yan kallon dambe. Sai ɗaya ya fara hayaƙi, ya karkata, wani farin abu ya buɗe a ƙarƙashinsa."

Aka tura su Kawu su nemo matuƙin. Suka same shi rataye a bishiya da igiyoyin lemar da ya diro da ita, ƙafa a karye, hannuwa sun ƙone.

"Ni na zaci wani ƙato zan gani, irin wanda ya isa ya hau sama ya yi faɗa. Sai ga sa'ana. Gemu bai fito ba. Ya jiƙe wando, yana kiran uwarsa. Na ce a raina, wannan ne?"

Hafsansu ya ware mutum huɗu su ɗauke shi zuwa wani fili da ƙaramin jirgi ke iya sauka, tafiyar kwanaki a daji, ga ruwan sama, ga matsattsaku. Aka sa Kawu a ciki saboda yana jin Turancin bariki. Suka sare gora suka ɗaura masa abin ɗauka. Kawu ya ce bai taɓa ɗaukar kaya mai nauyi da surutu irinsa ba.

A cikinsu akwai wani ɗan mafarauta. Da suka tsaya hutawa ya ce da Kawu, "Kai mai Turanci, tambaye shi mutum nawa ya kashe. Tunda muna ɗauke da shi kamar amarya, ya biya mu da kirari mana."

Kawu ya tambaya. Baturen ya ce bai sani ba.

"Ya ce a sama ba a ganin mutum, ƙarfe ake gani. Ya ce kullum kafin ya hau jirgi sai ya zagaya bayan tanti ya yi amai, kuma ba shi kaɗai ba, kowa da wurin amansa, ba mai kallon wani. In an tashi, ga sanyi, ga rana a ido, ga wuya na ciwo saboda waiwaye, don mai kashe ka ta baya yake zuwa, daga cikin hasken rana. Ya buɗe mana wuyan rigarsa, fatar duk ta saɓule. Ya ce za ka ga sama wayam, ka ƙifta ido ka ga ta cika da jirage, kowa na gudun kansa, ba ka tantance naka da na abokin gaba ba. Ka danna yatsa, jirgin duka ya ɗauki rawa, kafin ka ja numfashi kaɗan harsashin da aka ba ka ya ƙare. In ka juya da ƙarfi idonka ya yi duhu, kamar an rufa maka bargo. Ka sake ƙifta ido ka ga kai kaɗai ne, ba ka ma san ina ne gida ba."

Ɗan mafarautan ya tofar da yawu ya ce wannan ai ba faɗa ba ne, ruɗewa ce.

"Sau ɗaya ya ce ya ga mutum. Ya harbi wani jirgin Japanawa ya kama wuta, matuƙin ya fito ya tsaya a kan fiffike, rigarsa na ci, ya yi tsalle. Ba lema. Ya ce ƙafafunsa na ta gudu a iska kamar yana kan ƙasa. Ya ce shi kuma dariya ta kama shi a lokacin, yana ta yi shi kaɗai a cikin jirgi, har yau bai san abin da ya ba shi dariya ba. Yana faɗa mini yana kallona, wai ko ni na sani. Ina zan sani? Na ce masa sha ruwa."

Amma abin da ya fi tsaya wa Kawu a rai wani ne daban. Baturen ya ce a wurinsu, idan mutum ya tashi bai dawo ba, ba a sake ambatonsa. A goge sunansa daga allo. A raba sabulunsa da rezarsa. Kafin yamma an sa wani a gadonsa, a zauna a ci abinci, a sha giya, a yi waƙa.

"Na ce masa, ba zaman makoki? Bai ma gane tambayar ba. Na ce ba wanda zai zo ya zauna da ku ya ce ya aka ji da haƙuri? Ya ce in aka fara wannan, gobe ba mai hawa jirgi." A nan Kawu yakan tsaya ya taɓe baki. "Ka ji mutanen da suka tsallako teku su koya mana zaman duniya. Abokinka ya ƙone da safe, ka yi aski da rezarsa da yamma."

Na tuna wannan maganar ina zaune a saman siton ɗansa, ina jin ƙarar masu loda kaya a ƙasa, don ko rabin yini ba a rufe siton ba. Tabarmar da Kawu ke zama a kai kuwa, da na nema aka ce an naɗe, an ajiye kwalaye a wurin.

Ƙafar Baturen ta ruɓe a hanya. Da ya ga alama, ya roƙi Kawu abu ɗaya: in ya mutu kada su bar shi a buɗe. Ya ce ya taɓa ganin abin da daji ke bari. Wata safiya suna tafe, ɗan mafarautan ya ce, "Yau amarya ta yi shiru." Suka sauke suka duba.

Babba a cikinsu ya ce a tura shi rami a rufe, ai ba Musulmi ba ne. Kawu ya ce salla dai ba za su yi masa ba, amma shi hanya ɗaya ya sani ta haƙa kabari. Suka wanke shi a rafi. Suka yanki farar lemarsa, wadda suke rufa masa saboda ruwa, suka naɗe shi a ciki. Kawu ya ce duk shekarun da ya yi yana sayar da yadi bai riƙe mai laushinta ba. Suka haƙa, suka fitar da lahadu, suka kwantar da shi a gefen dama, suka duba inda rana ta fito suka juya fuskarsa can. Kafin rana ta take tsaka sun gama.

Sai bayan an daɗe, wani Musulmin Indiya mai kula da alfadarai ya tarar da su suna salla, ya tsaya yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce Makka tana bayanku. A lokacin sun riga sun rufe nasu da yawa, har da ɗan mafarautan nan. Duk suna kallon gabas.

"Limaminmu ya so ya yi kuka," in ji Kawu. "Na ce bari, Malam. Wanda ya ajiye Ka'aba ya san ba mu da taswira."

Ba ya yarda a yi alfahari da yaƙi a gabansa. In samari suna kallon fim ɗin jiragen yaƙi a gidan abinci suna ihu, sai ya sa a juya masa kujera. Rigimarsa mafi girma da ɗansa ma a kan haka ta tashi. Ɗan ya samo wata riga a Xintang, irin ta matuƙan jirgin yaƙi, ta fatar roba, da gashi a wuya da tambarin fukafukai a ƙirji. Ya ce samarin Kano za su yi rububinta lokacin sanyi. Muka je masana'antar mu uku. Mai wurin ya fito da samfur yana murmushi, ya sa wa wani ma'aikacinsa, ya ce ya ɗaga kafaɗa.

Kawu ya murza rigar da yatsa biyu. Ya dubi ɗansa.

"Ka san abin da ake yi a cikin rigar nan?"

"Baba, ado ne kawai."

"Fitsari ake yi. Da amai. Wadda na sani sai da muka yanke ta da wuƙa, ta manne da naman mai ita." Ya juyo gare ni. "Kai mai jin yarensu, gaya wa lawban ɗin nan ya koma ɗinka wando, ya fi masa mutunci. Fassara yadda na faɗa, kada ka sa mata suga."

Na fassara yadda ya faɗa, na ƙara masa da dalili. Basinen ya daina murmushi, ya sa aka cire rigar. Muka koma gida, cinikin ya mutu. Wannan Basinen ne ya zo makoki ya kashe wayarsa.

Wasiyyar kuwa a gabana ya yi ta, ni da babban ɗan, wata rana bayan la'asar, ƙafafunsa a cikin roba da ruwan ɗumi.

"In na mutu a nan, a nan za ku rufe ni. Kada wanda ya sa ni a cikin jirgi kamar dila."

Ɗan ya ce, "Haba Baba, Allah ya ƙara nisan kwana."

"Ya ƙara, har na gaji. Saurara. Bama tana yamma da nan, na sa an nuna mini. Waɗanda muka rufe can suna kallon gabas. In kun kwantar da ni a garin nan, alƙibla yamma ce. Ka ga na fuskanci Ka'aba daidai, kuma ga ni ga su, ido da ido. Sun daɗe suna kallon inda ba kowa."

"Har da Baturen?" na tambaya, don in tsokane shi.

"Shi ya fi bukata. Nasa sun goge shi daga allo."

Dole in faɗi yadda nake da babban ɗan nan. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace. Tun yana ƙarami, duk da na girme shi nesa, "bawana" yake ce mini, ni kuma in ce masa "ubangidan da ba ya ciyarwa". Ba abin da ba ma faɗa wa juna. A gaban baƙi zai ce, "Bawana, ɗauko mini takalmi," in ce, "Sai ka biya kuɗin sharar bara." Kawu na jin daɗin wannan. Saboda haka da aka yi rasuwar na zaci maganar mai sauƙi ce. Na je wurin limamin masallacin da muke Juma'a, ɗan ƙasar ne, muka yi magana da Larabci. Ya ce izinin binne baƙo a garin abu ne mai wuya amma ana nema a samu, an taɓa yi wa wasu baƙi, sai dai dole ɗan mamacin ne zai nema da kansa. Na dawo na ja taubashina gefe.

"Ubangida, tashi mu je. Liman na jiranka."

"An gama magana. Kano za a kai shi."

"Wa ya gama? Ba kana zaune ya faɗa ba?"

"Maganar tsufa ce. Mutum kamar Baba a tura shi wani rami a ƙasar Sin, mutum goma a bayansa? Me za a ce da ni a Kano? A ce na kawo kwantenar kowa gida, na kasa kawo ubana?"

"To ai ka faɗi gaskiya. Abin da za a ce da kai ne, ba abin da ya ce ba."

"Autarsa na can tana kuka a waya tun jiya."

Wannan kam gaskiya ne, kuma hawayenta ban raina su ba. Na ce a ba ni ita in yi mata bayani, na san za ta ji. Bai ba ni ba. Na ce masa za a farka jikin tsohon a ɗura masa magani, a rufe shi a akwatin ƙarfe, a jira takardu mako da makonni. Na ce mutumin da ya rufe baƙon da bai san addininsa ba kafin azahar, shi za ka bari a firji kamar kifi?

"Saboda wani Bature da ya mutu tun ba a haife ni ba zan bar ubana a nan?"

"Saboda ubanka ya ce."

Ya dube ni, ba dariya a fuskarsa, ya ce, "Ɗan mace ba ya yanke magana a gidan kawunsa. Bawa ya san matsayinsa."

Shekara hamsin da wani abu yana kirana bawa ina dariya. Ran nan na ji yadda kalmar take in an cire mata wasa.

Ban tsaya nan ba. Na bi dattawan da suka zo gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda Kawu ya juya wa darduma, waɗanda suka sha shayinsa lokacin da ba su san ko hanyar tashar jirgin ƙasa ba. Kowa ya ce gaskiya ce da kai, Alhaji, amma maganar gida ce. Na gane. Kayansu duk suna cikin siton da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Ba mai ɓata wa mai tura kaya rai a lokacin baje koli saboda wasiyyar wanda ba zai sake sayen komai ba.

Kuma a ranar ne, da Basinen nan ya tashi zai tafi, taubashina ya raka shi bakin matakala. Ya manta ina jin Sinanci. Ya ce masa rigunan nan da tsoho ya hana, a fara ɗinki. Mutumin ya tsaya yana kallonsa kamar bai ji daidai ba, sannan ya gyaɗa kai ya sauka. Ciniki ciniki ne, ban ga laifinsa ba.

Abin da na faɗa duk sai da aka yi. Aka jira. Aka rufe akwatin da dalma, aka sa shi cikin na katako, aka ɗora a sikeli, aka manna masa takarda irin ta sauran kaya. Taubashina ya iya aikinsa, ba a samu tangarɗa ko ɗaya ba, kuma na ji yana faɗa wa mutane haka da alfahari. Na bi jirgin. Ina zaune a kujerar bakin hanya, ina sane da cewa Kawu na ƙarƙashina, tsakanin kwalayen wayoyi da dilolin jins, yana ratsa saman da ya ƙi leƙawa duk rayuwarsa. Ban sani ba ko mun bi ta kan Bama. Ban tambaya ba.

A Kano an yi jama'a, ba ƙarya. An rufe titi, manyan 'yan kasuwa sun zo, masu ɗaukar hoto da waya sun fi masu ɗaukar makara yawa. Da aka buɗe akwatin, waɗanda ke kusa suka ja da baya saboda warin magani. Kowa na cewa ɗa ya yi ƙoƙari, Allah ya ba mu masu yi mana haka. Ni na ce amin a kan Allah ya jiƙansa, amma ban ce amin a kan wannan ba.

Na shiga kabarin tare da masu karɓa, wannan dai ba a hana ɗan mace ba. Da hannuna na gyara shi a lahadu, a gefen dama, na juya fuskarsa gabas, don a Kano nan ce alƙibla, ba yadda zan yi. Su ma na Bama gabas suke kallo. Yanzu yana bayansu, ƙeyarsu yake gani.

Allah ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa, ya jiƙan waɗanda ya rufe a dajin Bama. Baturen kuwa, wanda ya halicce shi ya fi ni sanin yadda zai yi da shi. Na dai rubuta shi a nan don Kawu ba ya son a goge mutum.

Rigunan sun iso kafin sanyi, sun kuma karɓu. Na ga samari a bakin kasuwa sanye da su, fukafukai a ƙirji, suna ɗaga kafaɗa.

Na koma Guangzhou. Baƙi na nan suna sauka otal suna fuskantar Japan, wayoyinsu ne ke gyara musu yanzu, in sun tuna sun duba. Ni da taubashina muna haɗuwa a masallaci ranar Juma'a. Yakan ce, "Barka da Juma'a, Alhaji." In ce, "Barka dai, Alhaji, ya iyali?" Bai sake ce mini bawa ba, ni ma ban sake tsokanarsa ba. Wasan da ke tsakaninmu ya ƙare.